Tuovi da Injin da Ke Mutuwa Ba Wasiyya

"Ta iso?"

"Da ta iso ai da ka ji. Ƙofar ma tsoronta take."

"Ni fa jiya na gaishe ta a matattakala."

"Ta amsa?"

"Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce igiyar takalmina ta kwance."

"To ai ta amsa ke nan. Ni tun zuwana ko wannan ban samu ba."

"Ku bar dariya. An ce ranar Juma'a za a binne wasiyyarta."

"Wa zai binne?"

"Pernu mana. Ya ce ko hannunsa za a sare, ba zai sa sunansa a aikinta ba."

"Kai, tsofaffin nan! Su biyun sun fi zarton injin haɗari."

"Miƙo min burodin nan kafin ta zo ta ce shi ma ba a nemi izininta ba."

Tuovi Lämsä tana zaune a benci bayan ƙofar ɗakin shan gahawa, tana cire takalmanta masu ƙusoshi na taka ƙanƙara. Kaf ta ji su. Ba ta yi sauri ba. Ta jera takalman, ta zura na cikin gida, ta ɗauki sandarta, sannan ta tura ƙofa. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin tukunyar gahawa tana huci. Ta zuba nata baƙi, ba madara ba sukari, ta juya za ta fita, sai ta tsaya a kan mutumin da burodin kirfa ya maƙale wa a kumatu.

"Har yanzu a kwance take," in ji ta, ta nuna takalminsa da sanda, ta wuce.

Wanda bai san ta ba zai ɗauka malamar makaranta ce da yara suka ishe ta: gajeriya, furfura a yanke ƙasa-ƙasa, da rigar ulu mai ruwan toka wadda ta saƙa da hannunta. Tun kamfanin yana ɗaki biyu a saman wani shagon gyaran keke a garin Oulu take cikinsa. Sana'arsu ƙwaƙwalwar injinan sare itace, manyan motocin nan masu dogon hannu da ke kutsawa daji su cafki bishiya, su kayar, su sheme rassa, su yanyanka ta kafin direba ya gama kurɓar abin da ke kofinsa. Akwai masu rubuta abin da direba ke gani a allo, akwai masu rubuta abin da ke juya hannun. Ita Tuovi can ƙasa take, a zuciyar manhajar, inda in ka faɗi babu kowa a ƙarƙashinka da zai tare ka. A can ɗin ma yanki ɗaya tal ne nata, kuma ba ya aiki sai ranar mutuwa. In zuciyar inji ta tsaya, yankin nan ne ke zabura ya rubuta a gurguje abin da ake ciki sa'ad da aka faɗi, da wanda ke riƙe da me, ya ajiye inda za a tarar bayan an tayar da injin. Wasiyya suke ce masa a kamfanin.

Wasiyya ma tana buƙatar fili a ƙwaƙwalwa, kamar kowane aiki. Duk mai son fili a cikin inji, wurin mai rabo, wato yankin da ke raba filin, yake zuwa ya roƙa, a ba shi shafi ɗaya ko biyu, in ya gama ya mayar. Tuovi ba ta taɓa yarda wasiyya ta bi wannan layi ba. Da an kunna inji, kowa na cikin ƙoshin lafiya, take yanke shafi goma sha shida ta killace, ba mai taɓawa. Inji sai ya shekara yana aiki, shafukan nan na zaune ba su tsinana komai ba, kuma abin da ke ci wa mutane rai ke nan. Amsarta ba ta canzawa: shi mai rabon ma a cikin gidan da ke cin wuta yake. In ka je roƙonsa a wannan lokaci, ko ya ce babu, ko ya ce jira, ko ka tarar shi ne ma gawar.

Ba a jami'a ta koyi wannan ba. A Posio aka haife ta, ubanta Uuno yana kula da bukkokin daji, irin waɗanda ba a kullewa, duk matafiyin da sanyi ya koro sai ya tura ƙofa ya shiga. Tana ƙarama yake ɗaukarta zagaye. Kafin su bar kowace bukka sai ya zauna ya feƙe ƙirare sirara ya jera a bakin murhu, ya ɗora ɓawon bishiya busasshe, ya zaro tsinkayen ashana daga kwali ya bar kawunan a waje. Ta taɓa tambayarsa amfanin wannan wahala, ga rumbun itace cike a waje, ga gatari a rataye. Sai ya ja ta waje ya cusa hannunta cikin dusar ƙanƙara, ya danne har ta yi kuka, sannan ya miƙa mata kwalin ashana ya ce ta buɗe. Ta kasa. Uuno ba mutum ne mai daɗin zama ba, kuma ta gado shi tas. Ta yi aure sau ɗaya, mijin ya koma kudu da zama, ya ce a can ko bango ka yi wa magana yakan ɗan amsa.

Shi kuwa Aulis Pernu, dogo ne mai gemu, kuma ba wanda ya taɓa ce masa bai iya aiki ba sai ita. Rabon ƙwaƙwalwa a hannunsa yake, haka ma kyamarar da ke kan hannun inji, wadda ke nuna wa direba inda zarto zai ci. Rigimarsu ta tsufa. Farkon zuwansa ya aika aikinsa dandalin da masu sana'ar daga ko'ina suke baje rubutunsu a duba a bainar jama'a. Tuovi ta karanta ta ba shi amsa da layi ɗaya, cewa wannan ba rubutu ba ne, amai ne, a kawo tsumma. Abin da aka rubuta a dandalin nan ba ya goguwa. Har yau in ka nemi sunan Pernu, layin nan na cikin abin da zai fara fito maka.

Sai ga dokar sana'a ta ɗaure su da igiya ɗaya. Ba rubutun da ke shiga zuciyar manhaja da sunan mutum ɗaya. Dole wani ya karanta ya sa nasa a ƙarƙashi. Abin da ya taɓa wasiyya sai da sunan Lämsä, abin da ya taɓa rabon ƙwaƙwalwa sai da sunan Pernu. Haka suka yi ta zama, tebur da tebur bango ɗaya tsakani, ba gaisuwa, ba kallo, sai baƙaƙen maganganu a gefen aikin juna.

Bara da kaka aka kwantar da ita asibiti aka yi mata aikin ƙugu. A lokacin ne aka koma sabuwar ƙwaƙwalwa, ƙarama mai araha, kyamarar Pernu kuma tana neman wuri. Ya duba ya ga shafi goma sha shida a kwance suna barci, mai su ma tana kwance. Ya kwashe. Ya mayar da wasiyya mai roƙo kamar kowa. Manajarsu Marjut Oinas ce ta sa suna a madadin mara lafiya. Tuovi ta dawo da sanda, ta buɗe aikinta, ta ga abin da aka yi. Ba ta yi ihu ba. Ta rubuta gyaran da zai mayar da shafukanta, ta aika wa Pernu ya sa suna. Ya mayar mata da kalma ɗaya: a'a.

Da sanyi ya kankama, injina suka fara mutuwa a daji. Allo ya daskare, hannu ya ƙage da bishiya a baki, a tayar da inji a duba wasiyya, wayam, ko harafi babu.

Ranar Litinin Marjut ta kira su biyun ofishinta. Suka zauna kowa ya ba ɗan'uwansa kafaɗa.

"Ba mako da ba a kira ni daga daji a zage ni," in ji Marjut. "Ina so in ji abin da zan gaya musu."

"Marjut," in ji Pernu, yana kallon taga, "ki gaya wa Lämsä shafi goma sha shida a sabuwar ƙwaƙwalwa ba wasa ba ne. In na ba ta, hoto zai riƙa tsalle. Kyamara ce ke sayar da injin nan, ba kabarin da take haƙa masa tun yana raye ba."

"Marjut, ki gaya wa Pernu ina jin sa. Ƙugu aka yi mini aiki, ba kunne ba."

"Ki gaya mata ban hana wasiyya komai ba. In lokaci ya yi tana roƙo, kuma na sa ta roƙa ba jira. In akwai a ba ta, in babu ta haƙura."

"Ta haƙura! Kin ji ko? Gawa ta haƙura. Ki tambaye shi, a ina ya taɓa ganin an tashi mai shaƙewa an ce ya je ya bi layi?"

"Ki tambaye ta ina shaidarta cewa rashin fili ne ya rufe wa wasiyya baki. Wataƙila tsufa ne." Ya ɗan kalli sandar da ke jingine da kujera. "Ba komai ke jure shekaru ba."

"Ki gaya masa gemu ma na tsufa, hankali ne dai bai taɓa tsirowa ba."

Marjut ta dafe goshi. "Ku biyun nan kun haife ni, amma sai in ga kamar gidan raino nake gadi. To ku saurara. Juma'a ake rufe ƙofa, bayan nan ba abin da zai ƙara shiga manhajar bana. Na sa suna a wurin da ba nawa ba sau ɗaya, na ga abin da na gani, ba zan ƙara ba. In gyaran Tuovi ya zo da sunanka, Aulis, ya shiga. In bai zo ba, na sama sun riga sun yanke: za a cire wasiyya gaba ɗaya, a sayo ta wani kamfani a liƙa. Ke kuma, Tuovi, za a mayar da ke rubuta littafin koyar da direbobi har ki yi ritaya."

"Za ta iya," in ji Pernu yana miƙewa. "Tana da daɗin baki."

Tuovi ta koma teburinta ta zauna. Aikin rayuwarta ne za a ɓamɓare kamar tsohuwar takardar bango, kuma mabuɗin na aljihun mutumin da ya fi kowa son ganin haka. Abu ɗaya ya faɗa da ya soke ta, domin gaskiya ne: ba ta da shaida. Akwatunan gwajin da ke ɗakin bincike ba su taɓa mutuwa ba, ko sau ɗaya. A daji kawai ake mutuwa.

Ta nemi lambar wani direba da injinsa ya fi na kowa mutuwa, Rauno, can dajin Pudasjärvi. Ta kira shi da rana tsaka, tana jin ƙugin inji a bayan muryarsa.

"Wace ce?"

"Lämsä. Daga masu ƙwaƙwalwar injinka."

"Au, ku ne! Ashe kuna da waya. Baiwar Allah, kin san inda abinku ya ajiye ni shekaranjiya? Bishiya a baki, hannu a sama, ni a ciki kamar kifi a firji."

"Ban kira don in yi maka jaje ba. Me kake yi sa'ad da ya tsaya?"

"Rawa nake! Me ake yi da injin sare itace?"

"Da safe, in ka kunna shi..."

"In na me?"

"In ka kunna."

Ya bushe da dariya har da tari. "Ke kam kin taɓa fita waje kuwa? Wa ke kashe inji a wannan sanyin? In na kashe shi, sai ƙanƙara ta narke zai tashi. Tun da sanyin nan ya kama, ni da abokin canjina ba mu juya makulli ba. Ya sauka in hau, in sauka ya hau. Shi yake kashe kansa, ba mu ba."

Tuovi ta ɗaga ido ta hangi ƙofar ɗakin bincike, inda aka manna sanarwar da kowa ke bi tun fil'azal: na ƙarshen fita ya kashe komai, saboda gobara. Kullum yamma suna kashe akwatunan gwaji, kullum safe akwatunan na tashi da ƙwaƙwalwa wankakkiya fes. Su da kansu suke share sawun ɓarawo kowace rana, sannan su ce ba ɓarawo.

"Kina nan, ko ke ma kin daskare?"

"Akwai abin da yake yi da ba ku kawo ƙara a kai ba?"

"Ba komai. Sai kyamara da ke ƙiftawa in hannu ya girgiza bishiya. Ta ɗauke ta dawo. Wannan mun saba."

Ta ajiye wayar ba sallama.

A teburinka kana da ikon gwada abin da ka ga dama, ba sai da sunan kowa ba. Ta ɗauko akwati biyu. Ɗaya ta bar shi yadda Pernu ya mayar da shi, ɗaya ta zuba masa shafukanta. Ta samo injin goge gilashin mota a kwandon tarkace, ta ɗaure shi yadda zai riƙa tsinke wayar kyamara yana haɗawa ba tsayawa, fiye da yadda bishiya za ta yi. Ta rubuta da jan alƙalami ta manna: duk wanda ya kashe wannan, ya zo ya same ni. Ba wanda ya kashe. Ƙarar abin ta cika ofis, ƙyat, ƙyat, ƙyat, mutane na wucewa suna kallon juna. Pernu ya leƙo sau ɗaya ya ce da iska, ashe an fara koyon kaɗe-kaɗen ritaya.

Safiyar Alhamis ta tarar da su duka biyu a mace. Ta tayar da na farko: wayam. Ta tayar da na biyu, sai ga wasiyya ta zubo, layi bayan layi, kamar mai jiran a tambaye shi. Ƙwaƙwalwa ta ƙare ƙaf. Kuma kusan duk shafukan suna hannun mutum ɗaya. Duk sa'ad da kyamara ta ɗauke ta dawo, rubutun da ke kula da ita yana karɓar sabon shafi, bai mayar da na baya ba. Kaɗan-kaɗan, har gidan ya cika da abin da aka karɓa aka manta. Da wasiyya ta je roƙo, sai aka ce mata babu, ta haƙura, kamar yadda aka koya mata.

Tuovi ta jingina da kujera. Wani daɗi ya ratsa ta tun daga ƙugun ƙarfen har wuya. Ta buɗe dandali ta fara rubutu. Kalmomin na zuwa da kansu. Ta sa wasiyyar gaba ɗaya, ta ja layi a ƙarƙashin sunan Pernu, ta tuna wa duniya cewa ta taɓa neman tsumma ba a kawo ba. Ta karanta, ta ƙara gishiri, ta sake karantawa. Abin ya yi kyau. Yatsanta na kan maɓallin aikawa.

Sai lissafin ya zo mata, domin ko a cikin fushi kanta ba ya daina lissafi. In ta aika, kafin azahar Pernu ya toshe yoyonsa, gyaran layi biyu ne. Sannan ya miƙe a gaban kowa ya ce an gano cuta, an yi magani, to me za a yi da shafi goma sha shida kuma? Mutumin da aka tsiraita sau biyu a kasuwa ɗaya ba zai sa wa wanda ya tsiraita shi suna ba, ko da Juma'a goma aka ba shi. Za ta ci nasara yau, gobe a ɓamɓare wasiyya, baɗi wata cutar ta zo, injina su koma mutuwa bebaye.

Uuno ya faɗo mata a rai. Yana da maƙiyi shi ma, Jooseppi Törmänen, a kan wurin kafa taru a tafki. Ko a coci ba sa zama layi ɗaya. Wata rana suna shirin barin wata bukka, suka hango Jooseppi can nesa a kan tafkin da ya daskare, yana jan ƙafa, iska na faɗa da shi. Uuno ya ajiye jakarsa ya koma bakin murhu. Ya feƙe ƙirare fiye da na kullum, sirara kamar gashi, kowace sara da zaginta: ɓarawon kifi, ɗan ɓarawon kifi, mai kan kabewa. Ta ce, Baba, ai Jooseppi ne. Ya ce ya sani. Ya ce so yake ya rayu, ya ji ɗumi, ya san wanda ya feƙe masa. Suka fita ta bayan bukka don kada a gaisa.

Ta ɗauke yatsanta. Ba ta goge rubutun ba; ta adana shi, don ta riƙa karantawa in ranta ya ɓaci.

Alhamis ranar miyar wake ce da fanke a ɗakin cin abinci, ba mai fashi. Pernu na zaune a kusurwarsa shi kaɗai. Tuovi ta ɗauko farantinta, ta ratsa tsakiyar ɗaki, sanda na ƙwanƙwasa daɓe, ta ja kujerar da ke fuskantarsa ta zauna. Cokula suka tsaya a ko'ina. Wani ya ƙware.

"Marjut ba ta nan," in ji Pernu, bai ɗago ba.

"Na sani. Yau kunnenka zai yi aikinsa da kansa."

"Kujerun ɗakin nan sun ƙare ne?"

Ta rage murya yadda ba mai ji sai shi. "Inda kyamara ke dawowa bayan ta ɗauke. Kana karɓar shafi. Na bayan fa, wa ke mayarwa?"

Cokalin ya tsaya tsakanin kwano da gemu. Ta ga idonsa ya tafi, yana bin rubutunsa layi-layi a ka, kamar mai lalube a ɗakin da ya sani. Ta ga inda ya iso wurin. Kunnuwansa suka yi ja.

"Da mun gani a gwaji," ya ce a hankali.

"Muna kashewa kullum yamma. Su ba sa kashewa."

Ya ajiye cokalin. "Wa ya sani?"

"Ni, da akwati, da injin goge gilashi."

"Kin rubuta a dandali?"

"Na rubuta. Ya fi na farko daɗi nesa ba kusa ba. Ban aika ba."

"Don me?"

"Kada ka ɗauka sulhu na zo. Ka je ka gyara abinka, ka aika da sunanka, ka ce kai ka gano. Zan sa nawa a ƙarƙashi ban ce uffan ba. So nake duk ranar da ka kalli kyamarar nan ka tuna wadda ta rufa maka asiri."

Ya dube ta sosai, karo na farko cikin shekaru. Ba godiya a idon. "Amai kika ce."

"Amai ne."

"'Yata ta gani. Tana makaranta ta nemi sunana, ta zo tana tambayata me na yi wa matar nan."

"Na yau ba amai ba ne. Yoyo ne. Ana samun ci gaba."

"Ke dai ba za ki mutu da daɗi ba, Lämsä."

"In na zo mutuwa zan bar bayani. Yanzu sai shafukana."

Ya ja numfashi ta hanci. "Huɗu."

"Sha shida."

"Hoto zai yi tsalle, kin sani, ba ƙarya na yi ba. Direba na saran bishiya hoto na tsalle, ke za ki je ki yi wa matarsa bayani? Shida."

"Da shida ba za ta iya faɗin wanda ke riƙe da me ba. Da shida, da ba ta kama ka ba."

"Shi ya sa na ce shida."

Ta gutsiri fanke ta tauna, ta bar shi yana jira. Ta daɗe da sanin cewa in ta matse rubutun, takwas sun isa. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, domin ba wanda ya taɓa tambayarta da ladabi.

"Takwas," ta ce. "Tun daga kunnawa, a killace, ba mai taɓawa. Ko kai, ko kyamararka, ko in an sake kwantar da ni."

Ya yi lissafi da yatsa a kan tebur. Ta ga takwas ɗin sun shiga. Fuskarsa ce ta nuna, don ta ƙara ɓaci. Sai ya jingina, ya harɗe hannuwa, wani murmushi mara kyau ya ɓullo ta cikin gemu.

"Takwas za su yiwu. Amma ban ji an roƙe ni ba."

"Me ka ce?"

"Ke ce ba ki yarda da roƙo a lokacin mutuwa ba. Ga shi gobe Juma'a, ba ki killace komai ba, kin zo wurin mai rabo. Yana iya cewa babu. Yana iya cewa jira. Ke kika koya wa kowa." Ya nuna ɗakin da haɓa. "Kuma ba a kunne ba. Yadda kika yi zagin farko, kowa na ji."

Tuovi ta waiga. Ɗakin gaba ɗaya ya duƙufa a kan miyar da ba wanda ke sha. Ga mai igiyar takalmi can, baki buɗe. Ga Marjut ta shigo, ta ƙage a bakin ƙofa da faranti a hannu. Rubutun nan mai daɗi yana can a adane, taku kaɗan ne zuwa teburinta, maɓalli ɗaya. Ta ji shi yana kiranta. Ta tuna Rauno a cikin injin da ya daskare, bishiya a baki, da akwatin farko da ta tayar ɗazu, wayam.

Ta dafa tebur ta miƙe, ƙugun ya yi ƙara. Ta riƙe sandar da hannu biyu, don kada ta yi abin da ke ranta da ita. Muryar da ta fito a bushe take, amma har masu wanke-wanke sun ji.

"Aulis Pernu. Shafi takwas nake roƙo, ba don ni ba, don injin da zai mutu baɗi. Miyarka ta riga ta huce. Don Allah tashi mu je ka sa sunanka."